Mai rubuta manhaja ya ce in kawo masa buƙatuna a rubuce: ta ina zan fara?

Tambaya: Ina sayar da kayan masarufi a sari a kasuwar Singa da ke Kano. Ina da shago ɗaya, sito biyu da yara bakwai. Na gaji da littafi da biro, ina son a yi mini manhajar da za ta riƙe lissafin kaya da ciniki da bashi. Wanda zai rubuta ta ya ce sai na kawo masa buƙatuna a rubuce kafin ya yanke kuɗin aiki, ni kuwa na ɗauka wannan aikinsa ne. Me ake rubutawa, kuma yaya ake rubuta shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wannan da ya ce sai ka rubuto, ka riƙe shi da kyau, ya san aikinsa. Wanda ya kamata ka yi kaffa-kaffa da shi shi ne wanda zai saurare ka na ɗan lokaci ya ce "na gane, bar mini komai", ya yanke kuɗi nan take. Irin wannan mutumin, manhajar wani shago da ke cikin kansa zai kawo maka, ba ta shagonka ba. Ya san kwamfuta, amma bai san cewa akwai kwastoman da kake bari ya ɗauki kaya sai Juma'a ya biya, akwai kuma wanda ko katan ɗaya ba ya fita da shi sai kuɗi sun shiga ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mai rubuta manhajar taka zai taya ka tsara rubutun, zai yi maka tambayoyi, amma amsoshin suna wurinka, kai da yaranka.

Abin da yake nema shi ake kira buƙatun aiki: abubuwan da manhajar za ta yi, lokacin da za ta yi su, wanda yake da iznin sa ta yi, da abin da za ta ƙi yi ko da an sa ta. A taƙaice, dokokin shagonka ne, a rubuce yadda wanda bai taɓa shiga Singa ba zai karanta ya fahimci abu ɗaya tak, kuma a iya gwadawa a ga an cika ko ba a cika ba. Launin shafi da inda maɓalli zai zauna ba sa cikin wannan magana tukuna, ka bar su sai daga baya.

Kada ka fara da zama gaban kwamfuta. Ka ɗauki katan ɗaya na taliya a ranka, ka bi shi tun daga lokacin da mota ta tsaya a bakin sito har zuwa lokacin da kuɗinsa suka zauna a asusunka. Wa ya ƙirga da aka sauke? Da wace takarda ya gwada? Idan wayabil ta ce 300 aka sauke 297, wa ake gaya wa, a ina ake rubutawa? Wa ke ba da umarnin a ɗebo daga sito zuwa shago? Kowane hannu da katan ɗin ya ratsa, da kowace takarda da aka rubuta saboda shi, ka rubuta. Sannan ka tattaro takardun kansu: rasit, wayabil, littafin bashi, har da guntayen takardun da yara ke rubuta wa mai sito su aika ɗan dako da su. Waɗannan guntayen sun fi komai faɗin gaskiyar yadda aiki ke tafiya.

Ka kuma bar mai rubuta manhajar ya zauna da mai sito da kashiya ba a gabanka ba. Ba zargin kowa ba ne. Kai dokar ka sani, su kuwa sun san yadda ake yi idan kasuwa ta cika, kana masallaci, kwastoma yana sauri motarsa za ta tashi. A gabanka dokar za su faɗa.

Cinikin da aka kawo kuɗi aka ɗauki kaya aka tafi, kowace manhaja tana iya shi. Ba nan ake samun matsala ba. Inda aiki yake shi ne cinikin da ya kauce wa hanya, kuma a kasuwar sari irin taku sai ka tarar wanda ya kauce ɗin ya kusa kai wanda ya miƙe yawa. Bari in tsaya a kan waɗanda na san za ka haɗu da su.

Na farko ma'auni. Kana sayen kaya a katan, kana sayarwa a katan, wani lokaci rabin katan, wani lokaci dozin ko ƙwaya. Dole takardarka ta faɗi guda nawa ne a katan na kowane irin kaya, ko an yarda a fasa katan, da yadda za a nuna ragowar: katan 40 da guda 6, ko guda kaza gaba ɗaya? Kuma idan kamfani ya canza yawan abin da ke cikin katan, abin da suke yi ba tare da sun yi shawara da kowa ba, ya za a yi da tsohon kayan da ke sito? Amsar da ta fi sauƙi ita ce a buɗe wa sabon shirin suna daban, amma kai ne za ka yanke.

Na biyu, kayan ajiya, kuma nan ne na fi ganin manhajojin da aka sayo a shirye suna faɗuwa. Mutum ya zo ya biya kuɗin buhu 200 na sukari, ya ce a bar masa a sito, zai riƙa aikowa ana ɗiba. A idon mai sito buhunan nan suna nan. A lissafin ciniki kuwa an sayar da su. Idan manhaja ta cire su daga sito ranar da aka biya, ƙirgen mai sito zai riƙa fin na kwamfuta, kuma wata rana wani yaro zai ga rara ya ɗauka kuskure ne. Idan ba ta cire ba, wani zai sake sayar da su, mai kaya ya aiko a rasa abin ba shi. Saboda haka lamba uku kake bukata ga kowane kaya: abin da ke cikin sito a zahiri, abin da ke cikinsa na mutane, da abin da ya rage a iya sayarwa. Sannan kowane ɗiba yana son takardarsa, da sunan wanda ya zo ɗauka, da ragowar. Akwai kuma tambayar da ba a son yi: idan kayan ajiya suka jiƙe ko ɓera ya yi ɓarna, asarar wa? Wannan ba kwamfuta ce za ta amsa ba, amma in ba ka amsa ba, ba ta san gefen da za ta rubuta asarar ba.

Na uku, kayan maƙwabci. Kwastoma ya nemi katan 50, kana da 35, ka aika yaro ya karɓo 15 a shagon kusa. Wani lokaci kaya kake mayar masa, wani lokaci kuɗi, wani lokaci kuɗin da farashin ranar da ka biya ba ranar da ka karɓa ba. Kai ma ana karɓa a wurinka. In ba a rubuta wannan cikin buƙatu ba, manhaja za ta ƙi sayar da kayan da ba ta san da su ba, yara su koma littafi a ɓoye, shi ke nan ka zama mai lissafi biyu.

Bashi kuwa babi ne guda. Kowane kwastoma da iyakarsa ko duk ɗaya? Iyakar kuɗi ce kawai ko har da ta kwanaki? Mutumin da ake bi bashin rasit uku ya kawo rabin kuɗi, a fara cikewa daga mafi daɗewa ko shi zai zaɓa? Idan ya dawo da kayan da ya ɗauka bashi bayan farashi ya tashi, da wane farashi za a rage masa? Haka biyan kuɗi: ciniki ɗaya, wani kaso tsaba, wani ta POS, wani tiransifa daga asusun ƙaninsa. Ka rubuta cewa ciniki ɗaya yana iya ɗaukar hanyar biya fiye da ɗaya, cewa sunan mai turowa yana iya saɓa wa na kwastoma, kuma tiransifa tana zama a matsayin "jiran tabbaci" har sai wanda ke riƙe da wayar banki ya ga kuɗi sun shiga. Hoton da kwastoma ya nuna a wayarsa ba shaida ba ne, wannan kai ka fi ni sani. In kuma kana karɓar sefa daga masu zuwa sari daga Maraɗi ko Damagaram, sai a ajiye adadin sefar da farashin canjin da aka yi a wannan cinikin, ba jimillar naira kaɗai ba.

Yanzu ga buƙatar da ta fi kowacce ɓuya. Za ka rubuta "ta nuna mini ribar wata", ka ɗauka ka gama magana. A'a. Misali ka sayi katan 100 a kan naira 10,000 kowane, daga baya ka ƙaro 100 a kan 12,000, ka sayar da 150 a kan 13,000. Ciniki naira 1,950,000 ke nan. In aka ce wanda ya fara shigowa shi ya fara fita, kuɗin sayen kayan da suka fita 1,600,000 ne, riba 350,000. In aka haɗa aka raba, kowane katan ya tashi a 11,000, riba 300,000. In kuwa da farashin da za ka sayo sabo yau kake aunawa, a ce 12,000 ɗin nan, yadda 'yan kasuwa da yawa ke yi lokacin hauhawar farashi don kada jari ya zaizaye, riba 150,000 ce. Ciniki ɗaya, amsa uku, kuma ba wadda kwamfuta ta yi kuskuren lissafi a ciki. In ba ka faɗi wadda kake so ba, mai rubutawa zai zaɓi wadda ta fi masa sauƙi, kai kuma ka ce manhaja ta lalace. Ka zauna da akantanka a kan wannan, domin abin da hukumar haraji ke karɓa yana iya bambanta da abin da kake son gani don kanka, kuma ba laifi a nuna maka duka biyun. Kuɗin dako da na mota ma ka faɗa ko suna hawa kan kuɗin sayen kaya ko daban ake rubuta su.

Kada ka ga kamar ƙananan shaguna kaɗai wannan ke kayarwa. Kamfanin Lidl na Jamus, mai dubban kantuna a Turai, ya fara aikin sauya manhajar kayansa da ta kamfanin SAP a 2011, ya watsar da aikin a 2018 bayan an kashe abin da jaridun ƙasar suka ce ya kai kusan yuro miliyan 500. Daga cikin manyan dalilan da aka ruwaito akwai wannan: Lidl yana ƙiyasta darajar kayansa da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa. Kamfanin bai yarda ya sauya al'adarsa ba, aka shiga yi wa manhaja kwaskwarima, kuɗi suka yi ta hawa, ƙarshe ya koma tsohon tsarinsa. Tambayar da ta ci wannan dukiya 'yar'uwar wadda na yi maka a sama ce: da wane farashi ake auna kaya.

Tunda muna kan darajar kaya, ka tuna da ranar da kake fitar da zakka. Buƙata ce ta gaske: manhaja ta iya ba ka darajar duk kayan da ke naka a ranar da ka zaɓa, ban da na ajiya, tare da bashin da kake bi da wanda ake binka. Da wane farashi za a ƙiyasta, malaminka ka tambaya, sannan ka rubuta amsarsa a takardar.

Sai batun izni. Kowane yaro da sunansa da lambar sirrinsa, ba a tarayya. Ka rubuta wa ke iya canza farashi, wa ke iya yin ragi kuma har nawa, wa ke iya ganin riba, wa ke iya gyara adadin kaya bayan ƙirge. Shawarata, wadda ba na sassautawa a kanta: kada manhajar ta ba kowa damar goge rasit, har da kai. A soke shi, ya zauna a nan da alamar an soke, da sunan wanda ya soke da dalili da lokaci. Masu shago sukan ce su a bar musu damar gogewa. Ranar da wani ya leƙa lambar sirrinka, damar ta zama tasa, kuma babu sawun da za a bi.

To yaya ake rubuta buƙata ɗaya? Ga misali daga bashi:

"Lamba 14. Idan kashiya ya zaɓi sayarwa bashi, manhaja za ta haɗa tsohon bashin kwastoman da kuɗin wannan cinikin. Idan jimillar ta wuce iyakar da aka sa masa, ba za ta fitar da rasit ba sai Alhaji ko manaja ya amince da lambar sirrinsa, kuma za ta ajiye sunan wanda ya amince da rana da lokaci. Gwaji: kwastoma mai iyakar naira 500,000, ana bin sa 450,000, ya zo ɗaukar kayan 80,000, dole ta tsaya. Kayan 50,000 kuwa ta bar shi ya wuce, domin ya kai iyaka bai wuce ba."

Dubi wannan ƙarshen. "Ya kai" da "ya wuce" ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta, kuma gwajin ne ya tilasta mu muka fayyace. Shi ya sa nake son kowace buƙata ta zo da misalinta na lambobi. Akwai ƙa'idar duniya a kan wannan aiki, ISO/IEC/IEEE 29148, wadda ta fito a 2011 ta maye gurbin tsohuwar IEEE 830 ta 1998. Shago irin naka ba ya bukatar bin ta shafi-shafi, amma abin da take nema daga kowace buƙata yana da amfani: ta zama ana bukatarta da gaske, magana ɗaya take ɗauke da ita, ba ta da fassara biyu, mai yiwuwa ce, kuma ana iya tabbatar da ita. Mai tsanani a wannan fanni zai ce ma a raba lamba 14 ɗin nan gida uku, kuma da gaskiyarsa. Kalmomi irin su "da sauri", "cikin sauƙi", "yadda ya dace", "da sauransu", duk inda ka gan su a takardarka ka tsaya ka tambayi kanka yadda za ka gwada su ranar karɓar aiki. In ba ka da amsa, buƙatar ba ta nuna ba tukuna. Lambar da ake sa wa kowace kuwa don ranar gardama ce, a ce "lamba 14 ba ta aiki" maimakon "abin bashin nan".

Idan ka gama za ka tarar jerin ya yi tsawo, kuɗin yin duka ya fi abin da ka ware. Akwai hanyar tantancewa da ake kira MoSCoW, wadda Dai Clegg ya fito da ita a 1994 lokacin yana aiki da kamfanin Oracle. Kashi huɗu ake yi: dole, ya kamata, in da hali, da ba yanzu ba. Ma'aunin "dole" shi ne, in babu wannan, shago zai iya buɗewa da manhajar gobe da safe? Kayan ajiya dole ne. Tura wa kwastoma saƙon tunin bashi ta waya, in da hali. Albashin yara da sayarwa ta intanet, a ganina ba yanzu ba. Wannan kashi na huɗun ka rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin takardar, domin shi ke hana rigimar "ai na ɗauka yana ciki".

Akwai wasu buƙatun da ba aiki suke faɗa ba, inganci suke faɗa, kuma gara a ware musu shafinsu. Manhajar ta ci gaba da ciniki idan babu intanet, ta daidaita lissafi idan ya dawo. Wannan magana ɗaya tana iya sauya yadda za a gina ta gaba ɗaya da kuɗin aikin, musamman tunda sitonka biyu ne, don haka ka faɗe ta tun ranar farko. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta rasit, me zai faru? A ina ake ajiye kwafin bayanai, sau nawa, wa ya taɓa gwada dawo da su? Kana iya fitar da duk bayananka zuwa Excel ba sai ka roƙi kowa ba? Tunda kuma za ka tara sunaye da lambobin wayar mutane da bashinsu, ka sani Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ka taƙaita waɗanda ke iya ganin su. Duk lambar da gwamnati ko kasuwa ke iya canzawa, a bar ta inda kai za ka iya gyarawa. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, kuma ba kowane kaya yake hawa ba, akwai kayan abinci na yau da kullum da aka ɗauke wa. Wanda aka dasa wa lambar a cikin manhaja sai da ya nemo mai rubutawa ya sake biya.

Da takardar ta kammala, kafin ka ba da kwangila, ka ɗauke ta ka gwada manhajojin da ke akwai a shirye, irin su Odoo ko QuickBooks ko waɗanda ake sayarwa a nan gida. Kada ka bar mai talla ya nuna maka abin da ya ga dama. Ka ce ya yi maka cinikin buhu 200 na ajiya a gabanka, a ɗebi 30, a nuna ragowar. In wata ta cika duk "dole" ɗinka, sau da yawa ta fi arha da kwanciyar hankali a kan ginawa daga tushe, domin manhajar da mutum ɗaya ya rubuta tana rataye ne a wuyansa, in ya samu aiki a wani gari ka shiga uku. In kuma babu wadda ta cika, ka san takamaiman dalilin da ya sa kake biyan kuɗin sabuwa, kuma ka sa a yarjejeniya cewa asalin rubutun manhajar da bayanan cikinta naka ne.

Ku sa hannu a takardar ku biyu, ku ɗaura biyan kuɗi a kan gwaje-gwajen da ke ciki, kashi-kashi, ba a kan kwanan wata kaɗai ba. Za ka tuno sababbin abubuwa bayan an fara, kowa yana tunowa. Ku amince tun yanzu cewa kowane ƙari a rubuce zai zo, ya faɗi kuɗinsa da kwanakinsa, ka ce e ko a'a. Ka nemi ya riƙa nuna maka abin da ya gina duk bayan mako biyu ko uku, kashiya da mai sito su taɓa da hannunsu, domin akwai abin da ba a gane an rubuta shi ba daidai ba sai an gan shi yana aiki.

Buƙata ta ƙarshe da za ka rubuta ita ce ta ranar farawa: yadda za a shigar da tsohon lissafi. A zaɓi ranar da kasuwa ba ta da cunkoso a ƙirge sito biyun da shago, a ware kayan ajiya da sunayen masu su, a bi littafin bashi a tabbatar da ragowar kowane kwastoma da bakinsa kafin a shigar. A yi wata ɗaya ana tafiya da littafi da manhaja tare, kowace yamma a gwada jimillar biyun, sai sun daina saɓawa sannan a ajiye littafin.